Rana ta Kowa, Sola ta Mai Hali

A ƙarshen watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi sama da mako guda babu wutar lantarki. Tun kafin nan masu ɓarna sun lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro kuma ya hana a gyara. Sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda da shi ake lallaɓawa, shi ma ya katse ranar 21 ga watan. Injinan niƙa suka tsaya, teloli da masu walda suka zauna, ƙanƙara ta yi tsada, 'yan ga-ruwa suka ƙara kuɗin jarka domin rijiyar burtsatse ba ta ba da ruwa sai an ƙona mai. Amma a kowace unguwa akwai gidajen da fitilunsu ba su mutu ba, fankokinsu na juyawa, ba a kuma jin ƙarar janareto. Waɗannan gidaje sun yi wa sola tallan da babu kamfanin da zai iya biya. Tun daga lokacin, duk magidancin da ke da ɗan abin hannu ya shiga tambayar farashin faranti da batir da inbata.

Wanda ya ce sola tana rage kashe kuɗi bai yi ƙarya ba. Lissafin a fili yake. Kafin Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa Oktoban 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja da garuruwan Arewa. A watan Afrilun 2024 kuma hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu Rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A daidai wannan lokaci farashin farantin sola a kasuwar duniya ya faɗi warwas, domin masana'antun Sin sun ƙera fiye da abin da duniya ke iya saye. Rana kuwa Allah ya hore mana ita. Hasken da ke sauka a kan rufin kwano a Kano ko Sakkwato cikin shekara ya kusa ninka wanda ke sauka a Jamus.

A ɗauki gidan da ke ƙona lita uku kowane dare don a ga haske, a kunna fanka, yara su yi karatu. A ce lita naira 1,000 ce. Naira 3,000 ke nan a dare, 90,000 a wata, sama da miliyan ɗaya a shekara, ba a sa baƙin mai da kuɗin bakanike ba. A ce kuma haɗa solar da za ta ɗauki nauyin wannan gida, har da ƙaramin firji, zai ci naira miliyan uku. Cikin shekara uku kuɗin ya dawo, faranti mai kyau kuwa yana yin shekara ashirin yana aiki. Ba kasuwanci da yawa ne ke mayar da uwar kuɗi da wannan sauri ba. Shi ya sa ƙungiyar Ember, mai bin diddigin makamashi, ta gano cewa cikin wata goma sha biyu zuwa Yunin 2025 an shigo Nijeriya da farantai daga Sin masu ƙarfin kimanin megawat 1,700, abin da ya sa ta zama ta biyu a Afirka bayan Afirka ta Kudu. Faranti da rana kaɗai yake aiki, don haka ba a auna shi kai tsaye da tashar Egbin ko ta Kainji. Duk da haka adadin ba ƙarami ba ne a ƙasar da babban layinta ke rarraba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200.

Damuwata tana cikin miliyan ukun nan. Kuɗin fetur ana biyansa kullum, da kaɗan-kaɗan, daga cinikin yini. Kuɗin sola ana biyansa gaba ɗaya, tun kafin a kunna ƙwan fitila ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke karɓar wannan, ko da bai ci bai sha ba, sai ya tara albashin sama da shekara uku da rabi kafin ya haɗa miliyan uku. Saboda haka rangwamen da sola ke bayarwa, mafi girman rangwamen da ake samu a harkar makamashi a yau, yana tafiya ne wurin wanda da ma yake da rarar da zai ajiye. Wanda ba shi da ita zai ci gaba da biyan tsada, kuma tsadar da yake biya ta fi yadda ake zato.

A tsaya a gaban rumfar mai cajin waya a bakin kowace kasuwa. Katako ne an jera masa soket kamar hamsin, kowace waya an manna mata takarda mai lamba, ƙaramin janareto na hayaƙi a gefe, ko kuma a yanzu faranti biyu a kan rumfar. Mace ta aiko yaro da wayarta da naira 100. Batirin waya ƙarami ne ƙwarai: sai an cika shi kusan sau 60 kafin a sha yunit ɗaya na wuta. Ke nan wannan baiwar Allah tana sayen yunit ɗaya a kan kimanin naira 6,000, wato kusan ninki talatin na abin da attajirin Rukunin A ke biya yana ƙorafi. Haka take sayen ƙanƙara da azumi, haka take sayen batirin tocila, haka take biyan kuɗin niƙa da aka ɗora wa tsadar gas. Babu wanda ya fi ta buƙatar wutar rana, babu kuma wanda ya fi ta nisa da ita.

Za a ce ai ga bashi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba mutum. Wanda ya ci bashin miliyan uku a kan kashi 30, kuɗin ruwa kaɗai na shekarar farko zai kai naira 900,000 idan bai rage uwar ba, kusan duk abin da yake fatan ya tsira da shi daga fetur. Ribar ta koma banki. Ga kuma abin da masu tsara shirye-shirye a Abuja kan tsallake: miliyoyin mutanenmu ba za su taɓa bashin ruwa ba ko da sauƙinsa ya kai yaya, saboda addini. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da riba, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, akwai kuma cinikin murabaha, inda banki zai sayi kayan ya sayar wa mutum da ribar da aka yi yarjejeniya, ya riƙa biya wata-wata. Kayan sola sun dace da wannan tsari ƙwarai. Sai dai banki na neman mai albashi ko mai jingina, mai shayi da mai ɗinki kuwa ba su da ko ɗaya. Kamfanonin da ke ba da ƙaramar sola ta biya-kaɗan-kaɗan, mai ƙwai uku ko huɗu da wurin caji, sun toshe wani gurbi, kuma sun kai haske ƙauyukan da ba su taɓa ganin turken wuta ba. Amma idan aka tara abin da mutum zai biya daga farko zuwa ƙarshe, yakan zarce farashin kayan na kuɗi hannu da nisa, kuma ranar da ya kasa biya na'urar takan kulle kanta.

Ɗan haya kuma matsalarsa daban. Rufin ba nasa ba ne, mai gidan kuwa ba shi ke sayen fetur ɗin ba, don haka babu wanda lissafin ya zaburar.

A wasu ƙasashen da sola ta bazu a gidaje, hukuma ce ta ɗauki wani ɓangare na wannan nauyin farko. Jamus ta kafa dokar shekarar 2000 da ta tilasta a sayi wutar da gida ya samar a kan farashi tabbatacce na shekara ashirin, sannan daga Janairun 2023 ta cire harajin saye a kan solar gida. Afirka ta Kudu, da ɗauke wuta ya ishe ta, ta mayar wa mutane kashi 25 na kuɗin faranti, har zuwa rand 15,000, na tsawon shekara guda daga Maris 2023. Amurka ta yi shekaru tana rage wa mai gida kashi 30 na kuɗin haɗawa daga harajinsa, har dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta tsayar da shi a ƙarshen shekarar. Irin wannan rangwame na haraji ba zai yi mana amfani sosai ba, domin mai biyan haraji da yawa ne ke morarsa, kuma ko a can an daɗe ana sukar cewa masu hali ne suka fi kwasa. Wanda ya fi kama da buƙatarmu shi ne na Indiya, wadda a Fabrairun 2024 ta ƙaddamar da shirin sa sola a gidaje miliyan goma, tana tura tallafin da ya kai rupee 78,000 kai tsaye cikin asusun mai gida bayan an haɗa an duba.

Mu fa? Ba za a ce ba a yi komai ba. An cire harajin VAT a kan kayan makamashin rana. A Afrilun 2021 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya je Jangefe a ƙaramar hukumar Roni ta Jihar Jigawa ya ƙaddamar da shirin Solar Power Naija, da alkawarin gidaje miliyan biyar da lamunin naira biliyan 140 daga Babban Banki. Shekaru sun wuce, gidaje miliyan biyar ba su samu ba. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda hukumar REA mai kai wuta karkara ke gudanarwa, da burin isa ga mutum miliyan 17.5. Shiri ne mai ma'ana, kuɗinsa na bi ta hannun kamfanoni ne, ana biyansu gwargwadon gidajen da suka haɗa. A 2024 an kafa CREDICORP don sauƙaƙa wa ma'aikata bashin sayen kaya, ciki har da sola. Sai dai a shiga Kurna ko Rigasa ko Tudun Wada a tambayi magidanta goma ofishin da za su je, da takardar da za su cike, don a rage masu kuɗin batir. Tallafin da mai buƙata bai san ƙofarsa ba bai kai gare shi ba tukuna. Kuma faɗuwar naira, daga kimanin 460 a kan dala a farkon 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024, ta cinye sauƙin harajin da ma sauƙin farashin duniya, tun da kusan komai shigo da shi ake yi.

Ana cikin haka, a Maris 2025, Ministan Kimiyya da Fasaha na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin hana shigo da farantan sola don a ƙarfafa masu ƙerawa a gida. Burin ƙera namu abu ne mai kyau, ina kuma goyon bayansa. Amma masana'antun da muke da su harhaɗawa suke yi da ƙwayoyin da aka shigo da su, kuma ba su kusa ƙosar da kasuwa ba. Mun ga abin da rufe iyaka a 2019 ya yi wa farashin shinkafa. Idan aka rufe ƙofa kafin a gina masana'anta, faranti zai yi tsada, fasa-ƙwauri zai buɗe, wanda ke tara kuɗi a adashi don ya sayi faranti biyu shi zai fara faɗuwa.

Akwai haɗarin da ya fi wannan girma, wanda ba a cika magana a kansa ba. Kamfanin rarraba wuta, KEDCO ne a Kano da Katsina da Jigawa ko Kaduna Electric a Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, yana da kuɗaɗen da ba sa raguwa ko an sha wuta ko ba a sha ba: turaku, wayoyi, tiransifoma, albashi, bashin da ke kansa. Waɗanda ke ɗauke da wannan nauyi su ne masu biya da yawa kuma a kan lokaci, wato masana'antu, otal-otal, manyan shaguna, gidajen masu hali. Su ne kuma daidai waɗanda tsadar Rukunin A ta fi tura wa sola, su ne masu iya sayenta. Duk wanda ya fita, kasonsa na wannan nauyi yana komawa kan waɗanda suka rage. Kuɗin shiga ya ragu, gyara ya ragu, wuta ta ƙara lalacewa, a nemi ƙarin farashi, wasu su sake fita. A ƙarshe layin gwamnati zai zama na waɗanda ba su da mafita, waɗanda kusan rabinsu ko mita ba su da ita, ana kawo masu bil na ƙiyasi, su ne kuma ke karo-karo idan tiransifomar unguwa ta ƙone. Wannan na faruwa ne a harkar da tun a 2025 kamfanonin samar da wuta ke cewa suna bin bashin kusan naira tiriliyan huɗu.

Pakistan ta riga mu shiga wannan hali. A 2024 kaɗai ta shigo da farantai masu ƙarfin kimanin megawat 17,000, yawanci mutane ne da kamfanoni suka saya da kuɗinsu don gudun tsadar wutar gwamnati. Cinikin babban layi ya ja baya, alhali dole ƙasar ta ci gaba da biyan tashoshin da ta yi yarjejeniya da su ko sun yi aiki ko ba su yi ba, nauyin kuma ya sauka a kan bil ɗin waɗanda ba su da sola. Gwamnati ta koma neman rage farashin da take sayen rarar wutar gidaje, ta kuma sa harajin kashi 10 a kan farantan da ake shigowa da su. Wanda ya yi sammako ya riga ya mayar da kuɗinsa, na baya ya tarar an ƙara tsada.

Alamun sun bayyana a nan. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 don sa sola a fadar shugaban ƙasa, hujjar da aka bayar kuwa ita ce kuɗin wutar fadar ya yi yawa. A lissafin kuɗi hujjar daidai ce. Abin tsoron shi ne, idan fadar shugaban ƙasa da gidajen gwamnoni da ministoci da manyan 'yan kasuwa duk suka sauka daga layin, babu sauran mai faɗa a ji da zai kwana cikin zafi ranar da layin ya faɗi. Haka muka yi da makarantun gwamnati, haka muka yi da ruwan famfo: masu hali suka haƙa burtsatse a gidajensu, hukumar ruwa ta zama abin da ba wanda ke bin kadinsa.

Ba cewa nake a hana mai hali sa sola ba, ko a sa masa haraji don ya tsira. Kowane faranti da aka ɗora janareto ɗaya ne ya yi shiru, hayaƙi ya ragu, dalar shigo da mai ta ragu. Abin da nake cewa shi ne, duk kuɗin jama'a da za a kashe a wannan harka a kashe shi a kan kuɗin farko na wanda ba zai iya ba. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka gwamnonin Arewa ba su da uzurin jiran Abuja. Jiha na iya sayen kaya masu inganci da yawa a farashin sari, ta ba malaman firamare da ma'aikatan asibiti, a riƙa cira daga albashi ba tare da ruwa ba. Tana iya tsaya wa ƙungiyoyin teloli da masu niƙa da 'yan kasuwa a gaban bankunan da ba sa riba, tun da ƙungiya ta san ɗanta fiye da yadda banki zai san shi. An gwada sola ta haɗin gwiwa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, Jami'ar Bayero ma ta samu tashar megawat 7.1 a 2019, kuma darasin da ke cikin irin waɗannan ayyuka, na nasara da na rashin kula, yana nan ga mai son koyo. Sannan a buɗe wa gidaje hanyar sayar wa kamfanin rarrabawa rarar wutar tsakar rana a farashi mai adalci. Yanzu da batir ya cika da hantsi sauran hasken a banza yake tafiya, alhali maƙwabci na zaune cikin zafi. Mai sola da ke sayar wa layi wuta yana da dalilin ci gaba da zama a kansa da damuwa da lafiyarsa.

Saura batun inganci, wanda shi ke mayar da ribar talaka asara. Mai ƙaramin ƙarfi da ya yi ta maza ya tara dubu ɗari biyar ba lithiyam zai saya ba, mai shekara takwas ko goma. Batirin dalma zai saya, sau da yawa na gwanjo ko wanda aka yi wa sabon fenti, da farantin da aka rubuta wa wat 300 alhali bai kai ba. Yaron da ya haɗa masa wata uku ya yi yana koyo, ya sa siririyar waya, bai sa abin katse wuta ba, ya ajiye batirin a ɗakin da ba iska. Zafin bazara na rage wa batirin dalma kwana, zuƙe shi har ƙasa kowane dare na ƙarasa shi. Ƙurar hunturu ta lulluɓe farantin, ba wanda ya gaya wa mai gidan ya riƙa gogewa. Bayan shekara ɗaya da rabi batirin ya kumbura, fanka na mutuwa ƙarfe goma sha biyun dare, a koma janareto, ga bashin adashi bai ƙare ba. Mai miliyan biyar ya sayi wutar shekara goma, mai dubu ɗari biyar ya sayi ta wata goma sha takwas, kuma idan aka raba da yunit shi ya fi biyan tsada. Hukumar SON ce ke da alhakin tsare ƙofa daga jabun kaya, amma mai saye a kasuwa ba shi da wurin da zai kai faranti a auna masa kafin ya biya, ba shi kuma da takardar da zai nema a hannun mai haɗawa.

Mataccen batirin kuma ba ɓacewa yake yi ba. 'Yan gwangwan ne ke saye, a fasa da gatari, a zubar da ruwan asid a ƙasa, a tura dalmar wurin narkawa. A Ogijo ta Jihar Ogun, inda masana'antun narka batir suka taru, gwaje-gwaje sun nuna dalma mai yawa a jinin mazauna da ma'aikata. Mu a Arewa mun san abin da dalma ke yi wa yara, domin a 2010 ta kashe sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, ta hanyar dakan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Batiran da aka yi ta saye tun bayan cire tallafin mai yanzu suke cika kwanakinsu, dubbai a kowane gari, kuma yara ne ke tura su a baro zuwa wurin 'yan gwangwan. Kafin wata jiha ta raba kayan sola ko ɗaya, ya kamata ta fara tilasta wa dillalai karɓar tsohon batir a rage wa mai shi kuɗin sabo, ta kuma ware wurin tara su nesa da gidaje da rijiyoyi.